Ƙwayar Ƙarfin Maza: Karanta Kwalin Kafin Ka Haɗiye

  

Darasinmu na yau mai nauyi ne a baki. A cikinku akwai sa'o'in mahaifina, ni kuwa ban cika shekara 40 ba. Don haka ku gafarce ni, iyayena. In da yara kusa da rediyo, a aike su. Maganar da za mu yi ita ce ta raunin namiji a shimfiɗar aure, da ƙwayar nan da ake sha dominsa. Ƙwayar ta riga ta shigo kasuwanninmu. Tana shiga cikunan mutanenmu, alhali da yawa ba su san ko mece ce ba.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Wata rana, lokacin cirar albasa, mun tashi daga karatu. Kowa ya watse, sai wani dattijo ya tsaya yana ta gyaran takardunsa. Da ya ga babu kowa, sai ya cire hula. Ya fito da wani ɗan kati mai ƙwayoyi shuɗɗa, ya miƙo mini.

Ya ce, "Mushe, duba mini wannan. Lambar dai na karanta ta da kaina, ɗari ce. To, ɗarin mene ne?"

Na ce, "Baba, ina ka samo shi?"

Ya ce ƙanensa ne ya zo masa da shi tsaraba daga Abijan. Ya sha ɗaya, bai ga abin da yake so ba. Kashegari ya sha biyu. Kansa ya yi kamar zai rabe, fuskarsa ta ɗauki zafi, fitilar ɗaki ta koma masa shuɗiya.

Na ce, "Baba, likita ya auna ka?"

Ya yi dariya. Ya ce, "Haba Mushe! Wannan magana ce za a kai gaban likita?"

Ni ba likita ba ne, malamin karatu ne. Amma na tambaye shi ko yana yawan tashi fitsari da dare. Ya ce sau huɗu, sau biyar. Na tambaye shi ƙishirwa. Ya ce buta ba ta rabuwa da shi. Na lallashe shi har ya je aka auna jininsa. Ashe ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Shi ne ya yarda in ba ku labarin, da sharaɗin kada in faɗi sunansa ko garinsu.

Ku riƙe labarin nan, za mu komo gare shi.

YADDA JINI KE AIKINSA

Kafin mu san aikin ƙwayar, sai mun san yadda jikin namiji ke aiki. Ku manoman rani za ku riga kowa ganewa.

Ku dubi gonakin ban-ruwa na Ƙwanni. Ruwa yana tare a madatsar Mozage da ta Zango. Daga can ya bi babbar hanya. Daga babbar hanya ya rabu cikin ƙanana. A bakin kowace hanya akwai ƙofa. In an ɗaga ƙofa, ruwa ya shiga fage ya cika shi. In an sauke ta, ruwa ya tsaya.

To, haka jikin mutum yake. Zuciya ita ce injin da ke tura jini. Jijiyoyin jini su ne hanyoyin ruwa. A cikin gaban namiji akwai tsoka biyu masu ramuka kamar soso. In sha'awa ta motsa, kwanya ta aiko da saƙo. Saƙon ya sa jijiyoyin wurin su saki, su buɗe. Jini ya kwararo ya cika soson nan. Da ya cika, sai ya danne hanyoyin da jinin zai bi ya fita. Wannan shi ne ƙarfin da ake magana. Ba ƙashi ba ne. Jini ne ya shiga ya tsaya.

Bayan an gama, akwai wani sinadari a jiki mai aikin sauke ƙofa. Shi ke mai da kome yadda yake da.

Yanzu ku gaya mini, me ke hana ruwa kai wa fage? Ko inji ya yi rauni. Ko hanya ta cushe da laka. Ko kuwa mai ɗaga ƙofa bai sami saƙo ba. Haka nan ga namiji.

Ciwon suga yana ɓata jijiyoyin jini, yana kuma kashe jijiyoyin da ke kai saƙo. Hawan jini yana sa jijiyoyi su yi tauri. Taba tana ƙuntata su. Kitse yana taruwa a cikinsu kamar laka. Giya tana rage ƙarfi. Tiramol, wanda samarinmu ke sha don su jure aiki, in an daɗe ana shansa yana kashe sha'awa, yana raunana namiji. Har wasu magungunan asibiti na hawan jini suna iya kawo raunin. Wanda ya ga haka kada ya daina shan maganinsa da kansa. Ya koma ya faɗa, a sake masa wani.

Ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Jijiyoyin jini na gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta. Faɗinsu milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. In laka ta fara taruwa, wace hanya ke riga cushewa, babba ko ƙarama? Ƙarama mana. Shi ya sa likitoci ke cewa raunin gaba yakan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5. Ashe sau da yawa raunin nan ɗan aike ne. Ya zo ya gaya maka akwai ɓarna a babbar hanya. Wanda ya sayi ƙwaya a kasuwa ya yi shiru, ya toshe ma ɗan aike baki ke nan. Dattijon nan namu, da ƙwayar ta yi masa aiki tun ran farko, da har yau suga na cinsa a ɓoye.

Ba kullum ne jini ke da laifi ba. Wani lokaci zuciyar tunani ce. Bashi ya yi ma mutum yawa. Albasa ta faɗi a kasuwa. An yi faɗa a gida. Ko kuwa abin ya ƙi sau ɗaya don gajiya, sai tsoro ya shiga, tsoron kuma ya hana na gaba. Akwai alamar da likita kan tambaya. In mutum yana tashi da ƙarfinsa da asuba, amma a shimfiɗa abin ya ƙi, to galibi hanyoyin jini lafiya lau suke, damuwa ce. Wannan ya fi yawa ga samari da sababbin angwaye.

A nan ne ake zaluntar mata. Mai mata biyu ya ga yana lafiya a ɗaki ɗaya, a ɗayan kuwa a'a. Sai a ce kishiya ta ɗaure shi. A kwashi kuɗin hatsi a kai ma boka. Wata har a sake ta. Alhali a ɗakin da aka yi cacar baki da rana, ba abin mamaki ba ne jiki ya ƙi da dare. Wasu kuma kome suka gani sai su ce basir ne. Basir ciwo ne na dubura, yana da maganinsa. Ba shi ke tare jinin gaba ba.

INA ƘWAYAR TA FITO?

Sunan maganin da ke cikin ƙwayar nan sildenafil. Ku maimaita: sil-de-na-fil. Wani kamfanin magani mai suna Pfizer ne ya haɗa shi, a wani gari na ƙasar Ingila. Abin dariya, ba don wannan aiki aka haɗa shi ba. Maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya ake nema. Da aka gwada shi ga mutane, bai yi abin kirki ga ƙirjin ba. Amma mazan da suka sha suka ba da labarin wani abu dabam da suka gani a jikinsu. Sai masu binciken suka juya akalarsu.

A watan Maris na 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da shi. Aka sa masa sunan kasuwa Viagra. A 2003 wasu biyu suka bi bayansa a can: tadalafil, mai sunan kasuwa Cialis, da vardenafil, mai sunan kasuwa Levitra. A 2013 wa'adin da ya hana wasu kamfanoni yin sildenafil ya ƙare a ƙasashen Turai da dama. Yanzu kamfanoni barkatai ke yinsa, da yawansu a ƙasar Indiya, kowa da sunan da ya raɗa ma nasa. Shi ya sa ya yi araha, har ya iso tasharmu.

Ku lura da tushensa. Magani ne da ke taɓa jijiyoyin jini. Ba goro ba ne, ba alewa ba ce.

Mene ne aikinsa? Kun tuna sinadarin nan mai sauke ƙofa? To, ƙwayar tana riƙe masa hannu ne na ƴan awoyi. Ƙofa ta daɗe a buɗe, jini ya sami shiga sosai. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta kawo sha'awa. In babu sha'awa, ko ka sha ba abin da zai motsa. Ba ta ƙara girma. Ba ta sa haihuwa ga wanda ba ya haihuwa. Ba ta kare mutum daga sida ko ciwon sanyi. Ba a yi ta don mata ba. Kuma ba ta warkar da tushen ciwo. Mai suga ya sha ta, gobe yana nan da sugarsa.

Amma kada ku ce na kushe ta. Magani ne na gaskiya, kuma ya gyara aure da yawa. A cikin maza 10 masu raunin nan, wajen 7 yakan yi musu aiki. Ga masu ciwon suga adadin bai kai haka ba. Laifin ba na ƙwayar ba ne. Laifin na hanyar da take bi ta iso hannun mutum ne.

Yanzu ga amsar tambayar dattijo: ɗarin mene ne? A jikin katin za ku ga lamba, da baƙaƙe biyu a bayanta: m da g. Wato mg. Ana karanta shi miligiram. In aka raba giram 1 kashi 1,000, kashi ɗaya shi ne miligiram. Lambar nan tana faɗin yawan maganin da ke cikin ƙwaya ɗaya. Sildenafil na asibiti don wannan ciwo yana zuwa iri uku: 25 mg, da 50 mg, da 100 mg. Likita yakan fara da 50. Ga tsoho, ko mai ciwon ƙoda ko hanta, yakan fara da 25. Ba a wuce 100. Ba a sha fiye da sau 1 a kwana.

Mu yi lissafi, tun da mun koya. Dattijo ya sha ƙwaya 2, kowace 100. Nawa ke nan? 200. Ya ninka iyakar da aka sa. Akwai ma katunan da ke yawo an rubuta musu 150 ko 200 a ƙwaya ɗaya. Mai talla zai ce maka wannan ya fi ƙarfi. Ƙarin da ke ciki ba ya ƙara aiki, ciwon kai da haɗari yake ƙarawa.

Ana shan sildenafil kamar awa 1 kafin a kwanta. Aikinsa yana kai wajen awa 4. Wannan ba ya nufin mutum zai tsaya da ƙarfi awa 4. Yana nufin a cikin awoyin nan jiki zai amsa in sha'awa ta zo. In an ci abinci mai maiƙo, kamar balangu ko tuwo da man shanu, maganin yakan yi jinkiri. Da yawa a nan suke kuskure. Su ga shiru, su ƙara wata. Shi kuwa tadalafil yana daɗewa a jiki har awa 36, kwana ɗaya da rabi ke nan. Lambobinsa ƙanana ne, ba ya wuce 20 mg. Kada wani ya ga 20 ya ce kaɗan ne, ya sha biyar don ya cika ɗari. Kowane magani da ma'auninsa.

In an sha sau ɗaya bai yi ba, ba a yanke ƙauna. Likita yakan ce a gwada sau da dama, a ranaku dabam dabam, kafin ya ƙara lamba ko ya sake magani.

WANDA ƘWAYAR KE IYA KASHEWA

Ko ga mai lafiya, ƙwayar takan kawo ciwon kai, da zafin fuska, da toshewar hanci, da ƙwannafi. Wani ya ga abubuwa sun yi shuɗi-shuɗi. Tadalafil yakan sa ciwon baya. Waɗannan sukan wuce da kansu.

Amma akwai mutanen da ƙwayar nan haramiyarsu ce.

Na farko, mai ciwon zuciya da ke shan maganin ciwon ƙirji. Akwai wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe, akwai na fesawa a baki, akwai na haɗiya. In kana da irinsa a gida, ɗauko kwalin ka duba. In ka ga an rubuta Trinitrine, ko Risordan, ko isosorbide, to kai da ƙwayar ƙarfin maza har abada, sai in likitan zuciya ya sake maka magani. Dalili kuwa, wancan yana buɗe jijiyoyin jini, wannan ma yana buɗe su. In suka haɗu, kamar an ɗaga ƙofofin ruwa duka a lokaci ɗaya ne. Ruwa ya watse, babbar hanya ta ƙafe. Jini ya kasa kai wa kwanya da zuciya. Mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wani ba ya tashi.

Haka nan wanda bai daɗe da yin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Da wanda jininsa ke sauka ƙasa ƙwarai. Da wanda in ya ɗauki buhu, ko ya yi tafiya da sauri, ƙirjinsa ke ɗaurewa. Wannan ba ƙwayar kaɗai ba, kwanciyar kanta aiki ce ga zuciyarsa, sai an duba shi. Mai shan maganin kumburin nan da ke tare ma dattawa fitsari, da mai shan maganin sida, su ma sai sun faɗa ma likita, don ya rage musu lamba.

Sai masu amosanin jini, ciwon da ake ce ma emasi ko sikila. Yana da yawa a ƙasarmu. Su dama jininsu yakan maƙale a ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar tana iya sa gaba ya tashi ya ƙi kwanciya. Wannan yana iya samun kowa, amma ya fi samunsu. Ku riƙe lambar nan: awa 4. In gaba ya wuce awa 4 bai kwanta ba, kuma yana ciwo, ba abin alfahari ba ne. Jini ne ya maƙale, naman wurin yana mutuwa. A tafi asibiti a daren, kada a jira safiya. Wanda ya ɓoye don kunya har kwana ɗaya ko biyu, yana iya rasa ƙarfinsa gaba ɗaya, kuma babu ƙwayar da za ta mai da shi.

Wanda ya sha, ganinsa ya ɗauke farat ɗaya, ko kunnensa ya toshe, ya bar maganin ya nemi likita nan da nan.

Ga wata kuma, ku mata ku ji ta da kyau, don ku ne a ɗakin. In maigida ya sha ƙwayar nan, ƙirjinsa ya kama, aka kai shi asibiti, to a faɗa ma likita abin da ya sha da lokacin da ya sha. Kada a ɓoye. Maganin da likita zai fara ɗaukowa don ciwon ƙirji shi ne wancan da na ce ba sa haɗuwa. In bai sani ba, zai ba shi da niyyar ceto.

Kun ga dalilin da ya sa aka ce sai da takardar likita, wadda muke ce ma odonas. Ba don a wahalar da talaka ba ne. Tambayoyin nan, wa zai yi maka su a tasha? Ko a Ingila, inda tun 2018 ake sayar da mai lamba 50 ba tare da takarda ba, ba a tebur ake zuba shi ba. Sai mai farmasi ya yi maka tambayoyi a kan zuciyarka da magungunan da kake sha. In bai gamsu ba, ya tura ka wurin likita.

Mu kuwa mun san inda namu ke fitowa. Mu mutanen bakin iyaka ne. Daga Ƙwanni zuwa Illela ta Najeriya tafiyar ɗan lokaci ce a babur. Kaya na shiga, kaya na fita. Ƴan ci-rani suna komowa da tsaraba. Ranar Laraba a kasuwar Ƙwanni, ko a Gidan Idar, ko a Badagishiri, za ka ga yaro da faranti a ka, magani ja da fari da shuɗi, rana na dukansa tun safe. Ban ce yaron mugu ne ba, abincinsa yake nema. Amma shi kansa bai iya karanta abin da ya ɗauko ba.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, a cikin magani 10, wajen 1 jabu ne ko maras inganci. Mu a Nijar ba sai an ba mu labari ba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi ma mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu. In an iya yin jabun rigakafi, ina ga ƙwayar da mai sayenta ke jin kunyar komowa ya yi ƙara? Ƙwayar ƙarfin maza tana cikin magungunan da aka fi yi ma jabu a duniya. Wata babu kome a ciki sai gari da launi. Wata kuma maganin da ke ciki ya wuce abin da aka rubuta.

Wani zai ce, "Ni ba ruwana da ƙwayar Nasara, na gargajiya nake sha." To, a yi hattara. Gagai da saiwoyin da kakanninmu suka sani dabam. Kwalaben nan da ƴan ledojin da ke zuwa da hoton doki ko zaki, an rubuta ganye ne zalla, su ma dabam. An auna irinsu a ƙasashe da yawa, an tarar an daka sildenafil an zuba a ciki. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni masu sayar da zumar ƙarfin maza, don ta tarar da maganin nan a ɓoye cikin zumar. Mai ciwon zuciya ya guji ƙwaya, ya sha zuma, ashe ƙwayar ya sha, kuma bai san lambarta ba.

Samari, ku ma ga taku. Na ji ana haɗa ƙwayar nan da tiramol a daren biki, wai don kada a ji kunya. Lafiyayyen saurayi ba ya bukatarta. In ya saba, sai zuciyarsa ta gaya masa ba zai iya ba sai da ita. Ya sayo ma kansa ciwon da ba shi da shi. Tiramol kuwa in ya yi yawa yana sa farfaɗiya, yana tsai da numfashi.

To, me mutum zai yi? In abin ya faru sau ɗaya ko biyu, ba ciwo ba ne. Kowane namiji yana gamuwa da haka. In ya kai wata 3 yana maimaituwa, a tafi gidan likita mafi kusa, a nemi ganin majo a keɓe. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce, "Ina da rauni a shimfiɗa." Ya ji irinta ba adadi, kuma aikinsa ya hana shi fitar da sirrinka. Zai auna hawan jini. Zai sa a auna suga. Ka tafi da kwalayen duk magungunan da kake sha, har da wanda ka saya a kasuwa. In abin ya fi ƙarfinsa, ya tura ka gaba: asibitin gunduma na Ƙwanni, ko asibitin Galmi, ko babban asibitin Tawa. In an rubuta maka takarda, ka kai ta farmasi.

Wani ma ba a rubuta masa ƙwayar. A ce ya bar taba. Ya rage ƙiba. Ya riƙa tafiya da ƙafa, ba kullum a kan babur ba. A daidaita masa suga da hawan jini. Da yawa daga nan suke ganin sauƙi.

Uwargida kuma, kada ki yi gori, kada ki kai zancen bakin rijiya. Ba ƙinki ya yi ba. Kai kuma maigida, gaya mata. Macen da ba a gaya ma kome ba, sai ta zaci wata ce a waje, ko ta zaci ita ce ta tsufa. Shirun ya fi ciwon kashe aure.

Dattijon nan namu yanzu yana shan maganin sugarsa. Bayan an auna zuciyarsa, an rubuta masa ƙwayar, mai lamba 50. Ranar da ya karɓo ta, ya zo da kwalin aji bayan an tashi. Ya sa yatsa ya karanta mini da kansa, baƙi bayan baƙi. Sunan kasuwa da manyan baƙaƙe a sama. Sunan magani na gaskiya da ƙanana a ƙarƙashinsa. Sai lamba da mg. Da ya juya gefen kwalin ya tsaya, ya ce, "Mushe, waɗannan fa?"

Su ne aikinku na wannan mako. A gefen galibin kwalayen magani akwai baƙaƙe uku: E, X, P. A bayansu akwai lambobi biyu da ɗan layi a tsakani. Ta farko wata ce, ta biyu shekara. In ka ga 08/2027, wato watan 8 na shekarar 2027. Daga ƙarshen watan nan maganin ya tashi aiki. In wurin a goge yake, ko an liƙa wata takarda a kai, kada ka saya.

Kowane ɗalibi ya nemi kwalin magani wanda ya ƙare, kowane iri ne, ko na zazzaɓi, ko na tari. Ya zo da shi aji. Malaminku zai sa kowa ya nemo abu uku a jiki: sunan magani, da lambar mg, da watan ƙarewa. Ku rubuta su a littafinku. Wanda yake da tambaya a kan darasin yau, kuma yana jin nauyin yi a gaban jama'a, ya rubuta ta a takarda, kada ya sa suna, ya ninke ya ba malami.